Ramin da Ya Mai da Yara Magidanta: Kwal da Ƙwadago a Inugu

Duk sa'ad da wutar lantarki ta ɗauke a ƙasar nan aka kwana biyu ana fama da mafici, ko kuwa aka sake tayar da zancen samarin da suka gama makaranta suna zaune ba sana'a, ba a rasa wani mai faɗa a ji da zai miƙe ya tuna wa jama'a cewa Allah Ya binne wa Nijeriya kwal mai ɗimbin yawa, tun daga tuddan Inugu har Kogi da Binuwai da Gwambe, kuma da za a koma haƙarsa da an sami wuta an kuma sami aiki. Maganar tana da daɗin ji. Amma kafin a karɓe ta hannu bibbiyu, ya kamata a waiwayi garin da ya rayu a kan kwal shekara wajen 50, a ga abin da ramin ya yi wa samarin da suka shige shi, da abin da ya bar wa jikokinsu.

Wanda ya gangaro Inugu ta tudun Milliken, inda hanya ke murɗewa a gefen kwazazzabo, zai tarar da shataletalen Sabuwar Kasuwa, a tsakiyarsa an kafa mutum-mutumin tunawa da mahaƙan da aka harbe a 1949. Kewaye da shi samari ne ke tuƙa a-daidaita-sahu, wasu na dako, wasu na tallar kayan waya, kuma a jikin lambar motocin da ke wucewa an rubuta kirarin jihar, watau jihar Birnin Kwal, alhali kuwa da wuya a sami ɗaya cikin samarin nan da ya taɓa riƙe dunƙulen kwal a hannunsa.

Garin da kwal ya haifa

Kafin zuwan Turawa babu birni a wurin da Inugu take a yau. Abin da ke akwai ƙauyukan mutanen Ngwo ne a bisa tudu, da gonakin doya a gangare, da ƙoramu a cikin kwari. A 1909 ne masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka, ƙarƙashin wani Bature mai suna Albert Kitson, suka tabbatar da kwal a tuddan Udi, kuma da yake a lokacin kwal ɗin da jiragen ƙasa ke ƙonawa a Nijeriya daga Ingila ake auno shi da tsada, sai hukuma ta ɗauki al'amarin da muhimmancin gaske.

Aka sari daji a bakin ruwa aka kafa Fatakwal domin ta zama mafitarsa, aka shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita wajen 240 daga can zuwa gindin tudun, Yaƙin Duniya na Farko kuma, da ya tsananta ƙarancin jiragen ruwa, ya ƙara wa aikin gaggawa. An fara haƙa a ramin Udi wajen 1915, dogo ya iso a 1916, aka buɗe ramin kwarin Iva a 1917.

Mutumin Kano ko Zariya na wancan zamani yana da rabo a cikin labarin nan ko bai sani ba. Bayan dogon gabas ya haɗu da na Arewa a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, kwal ɗin Inugu ne ke ci a cikin jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, shi ne kuma ake kai wa mahaƙan kuza a Jos. Dalar gyaɗa ba ta motsawa daga Kano sai wani ɗan Ibo ya sunkuya a cikin duhu ya sari baƙin dutse.

Wa ke tura yaro rami?

Shiga ƙarƙashin ƙasa ba abin da manomi ke marmari ba ne, saboda haka da fari masu zuwa da son ransu kaɗan ne. Turawa suka bi ta hannun sarakunan da su da kansu suka naɗa da takarda, a ƙasar da galibinta ba ta san sarauta irin tamu ba, inda shawarar gari take a hannun dattawa da masu muƙaman gargajiya. Mafi shahara cikin sarakunan nan su ne Onyeama na Eke da Chukwuani na Ozalla, waɗanda aka ba kwangilar kawo lebura, ana ba su lada bisa ga yawan mutanen da suka kawo, su kuma suna yankar nasu kason daga ɗan abin da leburan ya samu.

Sarki kuwa, kowa ya sani, ba ɗansa zai tura ba. Wanda ake kamawa shi ne maraya, da mai bashi, da wanda ba shi da mai tsaya masa, musamman ma zuriyar bayi, waɗanda a ƙasar Nkanu suke da yawa ƙwarai, kuma ko da yake an haramta bauta a takarda, 'ya'yan gida na ci gaba da neman su yi musu noma, suna hana su mallakar ƙasa da yin wasu hidimomin jana'iza da na aure sai da izininsu.

A nan ne al'amarin ya juya ta inda babu wanda ya zata. Bawan da aka tura rami don a wulaƙanta shi sai ya dawo da sulalla a aljihu, abin da ubangidansa mai rumbun doya ba shi da shi, kuma a farkon shekarun 1920 zuriyar bayi a Nkanu suka tayar da ƙayar baya, suna neman a bar su su mallaki kansu da gonakinsu, har hukuma ta ware wa wasunsu matsugunai na dabam. Carolyn Brown, malamar tarihi Ba'amurkiya da ta yi hira da tsofaffin mahaƙa ta fitar da littafi a kansu a 2003, ta nuna cewa albashin rami da na aikin dogo yana daga cikin abin da ya ba su wannan ƙarfin hali.

Da aka ɗora harajin kai a lardunan gabas a 1928, wanda ba a karɓarsa da doya ko manja sai da kuɗin Bature, tilas ta sarki ta zama ba a bukatarta. Samari suka riƙa zuwa da ƙafafunsu, har ya zama sai an ba heluma ko tafinta wani abu kafin a rubuta sunan mutum.

Cikin duhu

Ramukan Inugu ba rijiyoyi ba ne da ake zura mutum da igiya. Ƙofofi ne da aka huda a jikin tudu, mutum ya shiga da ƙafa ya yi ta tafiya cikin ƙasa, wani wuri a tsaye, wani wuri a sunkuye, ruwa na ɗiga daga sama, iska ta yi nauyi, zafi kuma ya sa a tuɓe riga. Shekaru masu yawa leburori ba su da takalmi, da tafin ƙafa suke taka tsakuwar kwal da gefen ƙarfen dogo.

Saurayin da ya zo sabo ba a ba shi diga. Yakan fara ne da tura akwatunan ƙarfe masu ƙafa a kan siririn dogo, ya kai wa mai sara wanda babu kome a ciki, ya turo cikakke zuwa inda igiyar inji za ta ja shi waje. Ko kuwa a haɗa shi da masu kafa gungumen itace don tokare rufi. Sai ƙashinsa ya yi ƙwari, ya koyi jin ƙarar da gungume ke yi kafin rufi ya rufto, ya san inda ake huda dutse a cusa nakiya, sa'an nan ya zama mai sara, wanda shi ne sarkin aikin, domin a kan digarsa lissafin kowa ya rataya.

Yadda ake haƙar shi ne a yi ta yanka hanyoyi a cikin shimfiɗar kwal ana barin ginshiƙai masu riƙe da tudun, in an kai ƙarshe a juyo ana cinye ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, rufi yana zubowa a bayan mutane. Wannan aiki na ƙarshe shi ya fi kawo kuɗi, shi ya fi kashe mutane, kuma tsofaffin masu sara ne suka san sirrinsa fiye da Turawan da aka ɗora a kansu. Da yake bisa yawan akwatunan da aka cika ake biya, akawun da ke zaune a bakin rami da alƙalami yana iya rage wa mutum guminsa na rabin yini da ɗigon tawada, ba kuwa mai ja da shi, tun da mai sara bai iya karatu ba.

Gari ɗaya, hawa uku

Tsarin garin da kansa tafsirin tsarin aikin ne. Turawa na zaune a unguwarsu ta bariki a ƙetaren dogo, gidaje masu faɗi da lambuna da kulob, kuma akwai zamanin da leburori ke ɗaukar shugaban aiki a amuku su kai shi bakin rami. Leburorin da suka zo daga nesa kuwa aka tara su a sansanin da har yau ake kira Coal Camp, ɗakuna a jere, mutum da yawa a ɗaki guda, makewayi ɗaya na jama'a.

Tsakanin waɗannan biyu akwai hawa na uku, wanda sau da yawa ana mantawa da shi idan ana ba da labarin mulkin mallaka kamar rigima ce tsakanin fari da baƙi kawai. Su ne akawuna da tafintoci da masu sana'ar hannu, waɗanda suka fito daga Anacha da Owerri da Legas har da Saliyo, wuraren da makarantun mishan suka riga isa. Suna sa kwat da takalmi, suna jin Turanci, suna kuma kallon 'yan ƙasar Udi da Nkanu a matsayin ƙauyawa jahilai, ko da yake da yawansu harshensu ɗaya. Lebura ya fi haɗuwa da zaluncin akawu a kullum fiye da na Bature, domin a hannun akawu rajista take.

Mahaƙan da ƙauyukansu ke kusa ba su yarda sun tare a gari ba. Sukan taso da asuba su yi tafiyar mil da yawa a ƙasa, su koma da yamma, in lokacin sharar gona ko haƙar doya ya zo kuma su ƙaurace wa rami, manajoji su yi ta rubuta rahoto cewa Afirkawa ba su san ladabin aiki ba. Hakikanin al'amari kuwa, mutanen sun san abin da suke yi: ba su ɗauki rami gida ba, hanya ce ta gina gida.

Magidanci a ƙauye, yaro a wurin aiki

Abin da ke kai saurayi rami, bayan haraji, shi ne dukiyar aure. A da sai ya yi shekaru yana yi wa ubansa noma kafin uban ya ga dama ya yi masa aure. Yanzu kuwa shekara biyu ko uku na tura akwati sun isa ya kai kuɗin da kansa. Daga nan sai keke, sai rufin kwano, sai ya sayi muƙamin gargajiya irin na ozo ya zauna a cikin dattawa tun gemunsa bai yi fari ba, ya yi wa mahaifinsa jana'iza ta ji da gani, ya sa ƙanensa a makaranta. Ƙungiyoyin ci gaban ƙauyuka da mahaƙa suka riƙa zuba wa kuɗi sun gina makarantu da hanyoyi a ƙasar Udi.

Wannan mutum da ake miƙe wa a dandalin ƙauye ran Lahadi, shi ne ran Litinin wani Bature matashi, wanda watakila a ƙasarsu shi ma ɗan leburan kwal ne daga Wales ko arewacin Ingila, zai kira shi yaro, ya zage shi, ya ɗaga hannu ya mare shi a gaban waɗanda ya girma. A ganina a nan ne asalin rigimar Inugu take, fiye da batun sule da sisi: ramin ya ba mutane girma a waje, ya kuma hana su shi a ciki, kuma ba a daɗe ana tafiya a haka ba tare da wani abu ya fashe ba.

Makarantar ƙungiya

Mahaƙa sun sha ajiye aiki tun shekarun 1920, amma bisa tsarin ƙauye da rantsuwa, ba rajista ba takarda. Dokar 1938 ce ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago a Nijeriya, kuma wajen 1944 ƙungiyar ma'aikatan kwal ta tsaya da ƙafafunta a ƙarƙashin sakatarenta Okwudili Isaiah Ojiyi, tsohon malamin makaranta da aka ɗauka don a horar da shi ya zama ƙaramin shugaban aiki a cikin rami. Bisa ga iliminsa, wurinsa yana cikin masu kwat. Sai ya zaɓi ya sa tufafin mahaƙa, ya yi magana da karin harshensu, ya zauna ya haddace dokokin aiki na Turawa yana juya su a kan masu su. A 1945, da wani Bature mai kula da aiki ya mare shi, ya kai ƙara kotu, kotu ta hukunta Baturen, kuma ba sai an faɗi yadda labarin ya zaga ramukan ba.

Zamanin ya taimake shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kwal ɗin Inugu ya zama abin da jiragen ƙasa na Afirka ta Yamma ba su iya yi sai da shi, tsadar kaya kuma ta cinye albashi, har ma'aikatan ƙasa baki ɗaya, da Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa a gaba, suka yi yajin aiki na sama da wata guda a 1945. Da yake dokokin yaƙi sun tsananta a kan yajin aiki a wuraren da hukuma ta ɗauka wajibi, Ojiyi ya koya wa mahaƙa dabarar da leburorin kwal na Ingila suka daɗe da sani: a zo aiki a kan lokaci, a riƙe diga, amma a yi sara a hankali, wanda ya saba cika akwati da yawa ya cika kaɗan. Da wannan dabara suka ci nasara a ƙarshen 1947, aka gyara musu albashi aka biya su bashin baya.

Ga saurayin da ya tashi a wannan lokaci, taron ƙungiya ya zama wata makaranta. A can ya fara jin cewa guminsa yana da farashi da za a iya yin ciniki a kansa, cewa ɗan bawa da ɗan gida ƙuri'arsu ɗaya, cewa takardar da ke hannun akawu ana iya neman a karanta ta a fili.

Hukuma ba ta zauna ba. Aka kawo masu ba da shawara daga ƙungiyoyin ƙwadago na Ingila, aka karkasa ƙungiyar zuwa rassa bisa nau'in aiki, da sunan koya mata tsari, abin da ya raba masu sara da ma'aikatan sarari da akawuna, ya kuma buɗe ƙofar hassada a kan Ojiyi.

Babban abin da ya rage yana ci wa mahaƙa rai shi ne al'adar rubuta sunayen mutane fiye da waɗanda ake bukata, ta yadda mutum zai taso tun duhun asuba ya iso bakin rami, a duba allo a ce yau babu sunansa, ya koma gida hannu rabbana. Malamanmu na fiƙihu sun shar'anta a babin ijara cewa a san aikin, a san muddarsa, a san ujurarsa tun kafin a ƙulla. Mahaƙan Inugu ba su karanta wannan babi ba, amma abin da suke nema ke nan, suna kuma da yaƙinin cewa akwai kuɗin waɗannan ranaku da aka ware musu aka danne.

Juma'a, 18 ga Nuwamba

A farkon Nuwamba 1949 aka sake komawa sara a hankali. Manajoji suka shiga korar masu sara, mahaƙa kuma, don tsoron kada a rufe ƙofa a ɗebo wasu a madadinsu, suka ƙi fita daga wurin aiki, matansu suka yi zanga-zanga a ofisoshin ma'aikatar. Gwamnati, wadda a lokacin hankalinta ya tashi da samarin ƙungiyar Zikist masu kiran a yi wa mulkin mallaka tawaye, ta ji tsoron nakiyar da ke ajiye a ramukan ta faɗa hannunsu, ta ba da umarni a kwashe ta.

A ramin Ogbete an kwashe lafiya. A kwarin Iva kuwa mahaƙa suka fahimci cewa in nakiya ta tafi, aiki ya tsaya, an rufe rami ke nan, suka ƙi taimakawa, suka taru ɗaruruwa a gaban ma'ajiyar, wasu sun ɗaura jan ƙyalle a hulunansu da hannuwansu, suna waƙa suna taka ƙasa. Babban jami'in 'yan sanda F. S. Philip, wanda ya zo da 'yan sanda masu bindiga wajen 75, bai san harshensu ba, bai san al'adarsu ba, ya ɗauki abin da ya gani rawar yaƙi ce, ya ba da umarni a buɗe wuta, shi ma ya harba da hannunsa.

Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata, da yawa a baya harsashi ya same su suna gudu. Bisa ga ruwayar da ta shahara, cikin waɗanda suka fara faɗuwa akwai wani saurayi mai sara da bai daɗe da yin aure ba.

Wa ke da laifi?

Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba, aka ƙara zubar da jini. 'Yan siyasar Legas da suka daɗe ba sa ga maciji suka haɗu a wani kwamitin gaggawa na ƙasa, suka ɗauki lauyoyi don tsaya wa mahaƙa, jaridun Nnamdi Azikiwe kuma suka mai da kwarin Iva hujja a kan cewa mulkin mallaka ba ya gyaruwa sai dai a kawar da shi. Hubert Ogunde ya shirya wasan kwaikwayo a kan kisan, mai suna Bread and Bullet, da ya kawo shi Arewa hukuma ta hana nuna shi a Kano.

Hukumar binciken da gwamnati ta naɗa ƙarƙashin Sir William Fitzgerald ta yanke cewa mahaƙan ba su zo da niyyar kai hari ba, kuma Philip ya yi kuskuren hukunci, ta zargi gwamnati da mai da rigimar aiki rigimar siyasa, amma ta sauke kaso mai nauyi na laifin a kan Ojiyi, tana ganin ya ruɗi jahilai da alkawarin kuɗin da babu su. Ba a gurfanar da Philip a gaban shari'a ba.

Masu tarihi na baya sun ja da ɓangarorin biyu. Ba su yarda da hoton da hukuma ta zana na ƙauyawa da aka yaudara ba, domin mutanen da suka iya riƙe dabarar sara a hankali makonni ba tare da ta watse ba sun san maslaharsu sarai. Ba su kuma yarda da 'yan siyasa ɗari bisa ɗari ba, waɗanda suka kira mamatan shahidan 'yancin ƙasa, alhali da yawansu 'yan ajin nan ne na masu kwat da ba su taɓa leƙa rami ba. Haɗin kan da suka yi a kan gawawwakin bai shekara biyu ba ya wargaje, siyasar yankuna ta ci gaba.

Duk da haka Inugu ta fito daga wannan zamani gari ne mai faɗin zuciya. A cikin shekarun 1950 masu zaɓenta, waɗanda ma'aikatan kwal da na jirgin ƙasa ke da yawa a cikinsu, suka ɗora Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, a kujerar magajin gari na farko.

Mutuwar kwal

A 1950 aka kafa hukumar kwal ta ƙasa ta karɓi ramukan, kuma shekarun da suka biyo baya su ne na ƙoshi. Aka buɗe tashar lantarki ta Oji da masana'antar siminti ta Nkalagu, dukansu da kwal suke aiki. Wajen 1958 abin da ake haƙa a shekara ya kai tan 900,000, ma'aikata kuma wajen 8,000.

Faɗuwar ta zo da sauri. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai saye, ta fara komawa injunan dizal, madatsar Kainji ta kawo lantarkin ruwa a 1968, yaƙin basasa kuma, wanda Inugu ta zama hedkwatar Biyafara a farkonsa, ya tsai da aiki har ruwa ya cika ramuka. A ƙarshen shekarun 1970 aka ɗauko wani kamfani daga Folan ya kafa injunan zamani, ba su dace da yanayin ƙasar ba. Daga 1999 gwamnati ta shiga neman 'yan kasuwa su karɓa, kuma a farkon shekarun 2000 haƙa ta tsaya cik, aka sallami sauran ma'aikata, tsofaffi suka shiga jeka-ka-dawo a kan fansho.

Da ƙura ta lafa, sai aka ga wanda kwal ya ɗaga da wanda ya bari a inda ya same shi. Ɗan Onyeama, sarkin nan mai kwangilar lebura, watau Charles Onyeama, ya zama alƙali a Kotun Duniya da ke Hague, jikan sarkin kuma, Geoffrey Onyeama, ya riƙe ministan harkokin waje daga 2015 zuwa 2023. Ba laifi ba ne a kan jika abin da kaka ya yi, sai dai silsilar tana nuna inda ribar farko ta zauna. Daga cikin mahaƙa, wanda ya mai da kuɗin digarsa kuɗin makaranta ya fitar da malamai da lauyoyi da likitoci. Wanda ya dogara cewa ɗansa zai gaji gurbinsa a rami, kamar yadda shi ya gaji na ubansa, ya bar zuriya a tsofaffin gidajen ma'aikata na Iva, ba gona, ba rami, ba ƙungiya.

Masu cewa a koma

Masu son a farfaɗo da kwal suna da hujja mai ƙarfi: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba lantarkin da bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, alhali Sin da Indiya da Afirka ta Kudu da kwal suka gina masana'antunsu. Suna kuma nuni da maƙwabciyarmu Nijar, inda kamfanin Sonichar ke haƙar kwal a yankin Cirozerin yana ba Agadas da mahaƙan yuraniyom na Arlit wuta.

Masu ja da su suna cewa duniya ta juya wa kwal baya saboda ɗumamar yanayi, manyan bankuna sun daina ba da rance a kansa, Nijeriya kuma da bakin shugabanta ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Suna ƙarawa da cewa ruwan da ke tsiyayowa daga tsofaffin ramukan Inugu har yau yana gurɓata ƙoramun da ke gangarowa gari.

Abin da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne cewa an riga an koma haƙar kwal, ba a Inugu ba, kuma ba da siffar da ba. A Maiganga ta jihar Gwambe da yankin Ankpa na jihar Kogi, kamfanonin siminti da wasunsu suna haƙa don tandunansu, amma ba a huda tudu a shiga da diga. Ƙasar ake yayewa daga sama da manyan injuna, a loda wa tirela. Aikin da dubban masu sara ke yi, direbobin inji ƙalilan ke yin sa, waɗanda galibi da takardar shaidarsu suke zuwa daga wani wuri. Abin da ke saura wa saurayin ƙauyen da aka haƙe gonar ubansa shi ne gadi, ko share hanya, ko yaron mota, sau da yawa ta hannun ɗan kwangila mai ɗauka yau ya sallama gobe, kuma mutanen ƙauyukan sun sha fitowa suna kuka a kan ƙura da ruwan sha da diyyar gonaki.